Rago da Gaisuwar Ƙadangare

An yi wani Rago mai ji da ƙahonsa, wanda kullum yake shan inuwa a gindin wata tsohuwar kuka tare da abokinsa Jaki. Shi Jaki ya kwana biyu a duniya, ya sha yawon fatauci, ga haƙuri kamar damo.

Da ruwan damina ya rushe katangar da Ƙadangare yake zaune a ciki, sai ya kwaso iyalinsa ya dawo jikin kukar nan. Shi kuwa mai son gaisuwa ne. Da hantsi ya ga Rago ya iso, sai ya ɗaga ƙirji ya gyaɗa masa kai sau uku.

To, a al'adar raguna, duk wanda ya sunkuyar maka da kai ya ɗago, karo yake nema.

Rago ya daka tsawa ya ce, "Kai baƙo! Ni kake kira faɗa?"

Ƙadangare ya ce, "Wane ni! Barka da hantsi nake yi maka, maƙwabci. Haka muke gaisuwa tun kaka da kakanni."

"Gaisuwar banza! A nan ba a yin ta. Ko ka daina, ko ka bar mana kukarmu."

Jaki ya ce, "Bi a hankali, abokina. Ranar da na fara ganin Raƙumi ya durƙusa a kasuwa, na zaci ciwon ciki ne ya kama shi, har na shiga yi masa sannu. Ashe haka suke hutawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi."

Rago ya ce, "Riƙe wa'azinka, tsoho."

Don a zauna lafiya, Ƙadangare ya yi kwana biyu yana sandare da wuya, har ya fara yi masa ciwo. A rana ta uku ya manta. Yana ganin Rago, sai kan ya gyaɗu da kansa.

Rago ya ja da baya, ya sheƙo a guje. Ƙadangare ya yi wuf ya haye sama. Ji kake ƙum! Ƙahon Rago ya shige wata tsaga a jikin kukar, ya maƙale.

Ashe tsagar gidan cinnaka ce. Suka fito suka rufe masa hanci da kunnuwa da cizo.

"Wayyo Allah! Jaki, ka cece ni!"

Jaki ya ce, "Yaya zan matso? Ni ma za su gama da ni."

Matar Ƙadangare ta leƙo ta ce wa mijinta, "Ƙyale shi, maigida. Ba kai ya so ya murƙushe ba?"

Ƙadangare ya ce, "Rashin sani ne ya sa shi. Ku zo, ai abincinmu ne yake cizonsa."

Suka sauko gaba ɗaya, suka yi ta lashe cinnakun har fuskar Rago ta fita fes. Sannan Jaki ya kama wutsiyarsa da haƙori ya fizgo. Rago ya fito, amma rabin ƙahonsa na dama ya zauna a cikin kukar.

Ya daɗe a kwance yana haki, fuska a kumbure. Can ya ce, "Malam Ƙadangare, da na same ka, da yanzu 'ya'yanka marayu ne. Ka yafe mini. Kuka ta ishe mu duka."

Ƙadangare ya ce, "Ya wuce, maƙwabci. Ni ma da na tambayi yadda kuke gaisuwa tun ranar da na zo, da ba a kai ga haka ba."

Ƙahon nan bai sake tsirowa ba. Duk ragon da ya tambaye shi wane jarumi ne ya karya masa shi, sai ya ce, "Jahilcina ne."

Darasin wannan labari shi ne, yara, idan kun ga baƙo yana yin abin da ba ku saba gani ba, ku tambaya kafin ku yi fushi. Abin da ka ɗauka raini ne, wataƙila a gidansu girmamawa ce. Sai an mutunta al'adun juna ake zama lafiya a inuwa ɗaya.