Igiyar da Auta Ya Ɗaura a Ƙugunsa

Akwai wani mai haƙar rijiya da abokan aiki suke kira Ƙarfe. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce wa kowa "yi haƙuri" ba. Amma ranar Lahadi yana sahun gaba a coci, in ana waƙa muryarsa ta danne ta kowa.

A aikin rijiya, ran wanda ke ƙasa yana hannun mai riƙe da igiya. Wata rana Ƙarfe yana zura abokin aikinsa da ake kira Auta, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya saki hannu ɗaya don ya duba. Igiya ta zame, Auta ya faɗa, ƙashin bayansa ya karye.

Ƙarfe ya ce wa kowa igiyar ce ta tsufa. Ko asibiti bai leƙa ba.

Auta ya koma gyaran takalma a kan keken guragu, a bakin shagon wansa, wani maƙeri marar yawan magana. Maƙerin sau ɗaya ya yi magana a kan lamarin, a gaban mutane. Ya ce, "Duk ranar da Ƙarfe ya shigo hannuna, zai sani."

Shekaru suka wuce. Aka kira Ƙarfe ya yashe wata tsohuwar rijiya a bayan layin da shagon maƙerin yake. Da ya leƙa ya ga bangonta ya tsattsage, amma girman kai bai bar shi ya ce ba zai iya ba. Ya shiga.

Yana cikin aiki ya ji ƙasa tana zubo masa a wuya. Kafin ya ɗaga kai, gefen bango ya rufto ya binne shi har cinya. Mai riƙe masa igiya ya ja, ya kasa, ya ruga neman taimako a shago mafi kusa.

Ƙarfe ya kafa wa bakin rijiyar ido. Can wani kai ya tare hasken. Bai ga fuskar ba, amma ya gane faɗin kafaɗun. Maƙerin ne, wan Auta.

Maƙerin ya ɗauki igiyar, ya jinjina ta a hannu, bai ja ba. Ya ce a hankali, "Ashe kai ne."

Ƙasa ta sake zubowa, ta kai masa ƙugu. Ƙarfe ya buɗe baki zai roƙa, ya rasa da wace fuska. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san in aka bar shi a nan ba a zalunce shi ba.

Sai ya ji ƙarar tayar keke a kan tsakuwa, sannan muryar Auta.

"Yaya, ja shi."

"Koma shago," in ji maƙerin.

"Yaya, don Allah ja shi."

"Mutumin da ko haƙuri bai ba ka ba?"

"Ni ma ban ba Almasihu haƙuri ba kafin ya hau gicciye domina. Bayana aka karya, Yaya, ba naka ba. In akwai mai ikon cewa a bar shi, ni ne. Na ce a ja shi."

Ƙarfe yana jin numfashinsa yana dawo masa daga bango. Ya ji kamar ana motsi da igiyar daga sama, sannan ya ji maƙerin ya ce da wata irin murya, "Auta, me kake yi haka? Kwance abin nan."

"Ba zan kwance ba. In ka sake ta, tare za mu tafi."

Igiya ta miƙe. Mutane suka taru suka kama, aka yi ta ja har ƙasar ta sake shi. Yana fitowa sauran bangon ya rufta a bayansa.

Da ƙura ta lafa, Ƙarfe ya bi igiyar da ido har ƙarshenta. Tana ɗaure a ƙugun Auta, kekensa kuma dab da bakin rijiyar.

Ya ja jiki ya kifa kansa a kan ƙafafun da ba sa motsi, yana kuka. Ya ce, "Ba igiyar ba ce. Ni na sake ka."

Auta ya ɗora masa hannu a ka. Ya ce, "Na sani. Ina kallon hannunka a ranar."

Darasi: Wanda muka yi wa laifi, shi ne yake roƙo dominmu. Yesu Almasihu bai jira mun gyaru ba kafin ya ɗauki hukuncinmu a jikinsa, kuma har yanzu yana tsaye tsakaninmu da abin da ya cancance mu. Kada ka jira sai ƙasa ta kai maka ƙugu kafin ka tuba. Ka tura wannan labari ga wanda yake ganin laifinsa ya fi ƙarfin gafara.