Bushiya Mai Ƙuli-ƙuli da Ladan Mudu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata Bushiya ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, ita kaɗai a gida. Masu yi mata ɓarar gyada su uku ne: Kurciya, Zabuwa da Agwagwa. Ladan yini take ba su. Tabarma ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci. Zabuwa ta kawo labarin kasuwa, Agwagwa ta ƙaryata, Kurciya ta raba gardama da waƙa. To kun san tsuntsu, da baki yake ɓara, da shi yake hira. Aiki ba sauri, amma Bushiya ba ta sanin faɗuwar rana.

Ran nan sai ga Kurege, dillalin gyada.

Ya ce, "Inna, ɓara kike biya ko surutu?"

Ta ce, "Ɓara mana."

"To ki biya da mudu. Wadda ta cika, ta karɓa."

Ta ce to. Washegari kowace ta ja buhunta gefe. Zabuwa ta buɗe baki za ta ba da labari, ta hango mudun Agwagwa ya fi nata, ta mayar da kai. Ba a jin komai sai ƙas, ƙas, ƙas.

Kurege ya sake dawowa.

"Inna, wannan tuwon da kike ba su fa? Ƙara musu kwabo, kowa ta ci a gidanta."

Ta ce to. Ta kife babban kwano.

Ya dawo na uku.

"Inna, tafiyar da suke yi zuwa nan, ai mudu guda ce. Ba ni buhunan in kai musu gida, in kai musu ladansu. Nawa kaɗan ne."

Ta ce to.

Gyada ta riƙa zuwa a ɓare, fes. Mai ya cika tuluna. Amma gida ya yi tsit. Bushiya ta yi tari, ba mai ce mata sannu. Kaɗaici ya ishe ta, ta ɗauki mayafi ta fita.

Ta je gidan Kurciya. "Ki zo gobe mu zauna."

"Wayyo Inna, in na zo mudu biyu sun wuce ni."

Ta je gidan Zabuwa. "Ina labarin kasuwa?"

"Inna, rabona da kasuwa tun da aka fara awo."

Ta je gidan Agwagwa, ta yi sallama sau uku. Ƙas, ƙas, ƙas kawai take ji daga ciki.

Ta dawo ta tuƙa tuwo, ta cika babban kwano, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna. Tuwo ya huce. Aka yi sallama, ta zabura da murna. Ashe Kurege ne da buhu.

Da ya fita, sai ta kwanta a tsakiyar tabarmar nan ta mutum huɗu, ta cusa kai cikin ciki, ta dunƙule.

Shi ya sa har yau bushiya ita kaɗai take yawo, in ta ji motsi ta dunƙule. Ku kuma in kun girma kun ɗauki ma'aikata, kafin ku canja yadda kuke biya, ku duba abin da kuke samu wanda ba ya shiga mudu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! In da ƙarya a ciki, ku tambayi Kurege.