Madubin da Ba Ya Ganin Baƙar Fuska

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu suna cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani sarki mai suna Mazawaje a daular Tsamiya Bakwai, ƙasa mai yalwar gero da auduga, wadda mutanenta baƙaƙe ne masu sheƙi kamar turkuɗin da ya sha bugu. Mutanen wannan ƙasa suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni: ba a tambayar baƙo sunansa ko abin da ke tafe da shi sai an ba shi ruwa ya sha, kuma ba mai kai ƙoƙo bakinsa alhali akwai wani a kusa bai ce masa bismillah ba. Fatake fararen fata daga bayan teku sukan zo sayen saƙi da fatu, a sauke su a gidan baƙi na fada, a ciyar da su wata da watanni, su koma suna yabo.

Wata shekara sarki ya so faɗaɗa fadarsa, ya sa aka sare wata tsohuwar kuka da ke bayan katanga, bai san gidan aljanu ba ce. Washegari ya tashi ya ji yatsun ƙafarsa sun yi nauyi, da aka duba sai aka ga sun zama dutse. Kullum dutsen yana ƙara hawa jikinsa, masu magani suka yi iya yinsu suka gaza. Daga ƙarshe aka kawo wata tsohuwa mai duba, ta buga ƙasa sau uku, ta ɗago ta ce, "Allah ya ba ka nasara, nan da kwana arba'in dutsen zai kai zuciya. Maganinsa ruwan wani marmaro ne da ke tsakiyar Birnin Farin Dutse, can bayan teku, kuma ba zai yi aiki ba sai in jininka ne ya ɗebo shi da hannunsa."

Sarki ba shi da ɗa ko ɗaya sai 'ya, Gimbiya Tasalla, mai kunya da ƙarancin magana. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba, ni zan tafi."

Sarki ya ce, "Uwata, hankalina bai tashi ba. Mutanen can sun ci tuwonmu, sun kwana a ɗakunanmu. Ki nuna musu takardata mai hatimi, za su shimfiɗa miki tabarma."

Tsohuwa ta ba ta abin hannu mai murjani arba'in, ta ce kowace rana ɗaya zai koma toka-toka. Ta ba ta ɗan kunne mai sa a ji kowane harshe kuma a yi magana da shi. Gimbiya da kanta ta cika gorarta da ruwan rijiyar gidansu, ta shiga wani jirgin tsafi mai tafiya ba matuƙi, ya yi kwana goma yana keta teku da ita, har ya ajiye ta a gaɓar wata ƙasa mai sanyi wadda ranarta ke fitowa kamar marar lafiya.

Ganuwar Birnin Farin Dutse doguwa ce, ƙofarta ɗaya, a bakin ƙofar kuma an kafa wani madubi mai tsawon mutum uku. Dokar garin ita ce duk baƙo ya tsaya gaban madubin nan. Wanda fuskarsa ta bayyana a ciki, mutum ne, ya wuce. Wanda ba ta bayyana ba, ba a san ko mene ne shi ba.

Da gimbiya ta ga Sarkin Ƙofa zaune a kan kujera, dattijo mai jan gemu, sai ta yi abin da aka koya mata tun tana ƙarama. Ta cire takalmanta, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta yi shiru tana jiran a kawo mata ruwa kafin ta faɗi buƙatarta. Ta daɗe a haka. Sarkin Ƙofa ya dubi dogaransa ya ce, "Ku dubi wannan. Ba takalmi, irin na bayi. Ta kasa haɗa ido da ni, irin na ɓarayi. Kuma ta ƙi magana. Ke, me kika zo sata?"

Nan ta gane ladabinta ya zame mata laifi. Ta miƙe ta ce, "Ni ce Tasalla 'yar Sarki Mazawaje, mai masaukin fatakenku. Mahaifina yana bakin mutuwa. Cikin ƙoƙo ɗaya na ruwan marmaronku nake roƙo, in juya ko kwana ba zan yi ba." Ta miƙa takarda. Wani dogari ya karɓa da awartaki kamar garwashi, ya ajiye gefe ba a buɗe ba. Zinariya da goron da ta kawo gaisuwa kuwa, da hannu biyu aka karɓe su, aka shige da su ciki nan take.

Aka tsayar da ita gaban madubi. Ta ga ganuwa a ciki, ta ga dogarai, ta ga jama'ar da suka taru a bayanta suna nuna ta da yatsa, har da wani kare da ke wucewa, amma inda take tsaye ba kowa.

Wata mata daga cikin taron ta ce, "Wataƙila dauɗa ce ta rufe ta." Aka kawo ruwa a ƙarshe, amma ba na sha ba. Suka kama hannunta suka yi ta dirza da soso mai kaushi har fatar ta tsage, wasu suna jan kitsonta su ji ko gashi ne na gaske, wasu suna shafa kumatunta suna duba yatsunsu. Ba ta yi kuka ba sai da ta ga suna mamakin cewa jininta ja ne.

Sarkin Ƙofa ya ce, "A kai ta Zauren Jira. Ta dawo gobe."

Zauren Jira wani dogon ɗaki ne a wajen ganuwa, ba taga, cike da baƙaƙen mutane daga ƙasashe daban-daban, malamai da masu magani da maƙera, kowa da takardarsa a ƙirji. Ruwan shansu a wata fasasshiyar tukunya ake turo musu shi da sanda. Tana shiga, wani saurayi dogo mai sanyin ido ya taso daga gindin wata 'yar masaƙa da ya haɗa da karan gado, ya ɗebi ruwa a ɗan ƙoƙo ya miƙa mata, ya ce da harshen ƙasarta, "Sannu da hanya. Sha tukuna."

Ta sha, sai hawaye. Ya jira har ta gama, sannan ya ce, "Sunana Korau, masaƙi ne ni daga gabashin ƙasarku. Mutanen birnin nan ne suka aiko a kira ni in koya musu saƙa. Shekarata uku a nan."

"Shekara uku? Ai cewa aka yi in dawo gobe."

"Ni ma haka aka ce mini, ranki ya daɗe. Goben garin nan doguwa ce." Ya yi ɗan murmushi. "Kin lura da rigar Sarkin Ƙofa? Ni na saƙa ta. Rigata ta shiga birni tun ranar farko, tana can tana shan iska, mai ita ne dai ba a gani."

Kowace safiya sai a jera su gaban madubi, kowace safiya a ce su dawo gobe. Gimbiya ta gwada duk abin da mutum zai gwada. Ta sa takalma ta kalli Sarkin Ƙofa ido cikin ido, aka ce ta cika tsaurin ido. Ta roƙi a ɗebo mata ruwan ko da ba zai yi aiki ba, aka ce ba a fitar da shi ga wanda ba a san ko mene ne ba. Wata rana ta hango wani falke da ta sha gani yana cin tuwo a fadar mahaifinta, ta kira shi da suna, ya kawar da kai ya ƙara sauri. Har wata safiya, don tsananin ƙunci, ta shafa farar ƙasa a fuskarta. Madubi ya nuna farar ƙasar kaɗai tana lilo a iska, jama'a suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Korau ne ya goge mata da gefen zanen da yake saƙawa. Wannan zane siriri ne mai tsawon gaske, da zaren tsofaffin rigunan mazauna zauren yake saƙa shi, don kada hannunsa ya manta. Da yamma takan zauna kusa da shi tana riƙe masa zare, tana duban murjaninta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da jan murjani ɗaya tak ya rage, zazzaɓi ya rufe ta. Aka jera su kamar kullum. Tana tsaye gaban madubi, maƙogwaronta ya bushe, ta tuna saura kurɓi ɗaya na ruwan gida a gorarta, wanda take ta adanawa. Ta ce a ranta gara ta sha ta tuna mahaifinta, tunda ba za ta ƙara ganinsa ba. Ta buɗe gora ke nan sai ta ji kamar wani ya haɗiye yawu da ƙyar a cikin madubin, irin haɗiyar mai ƙishirwa. Ba ta yi tunani ba, bakinta ne kawai ya faɗi abin da ya saba. Ta ce, "Bismillah, bawan Allah," ta miƙa gora ta tsiyaye ruwan a jikin madubi.

Dogarai suka fashe da dariya. Amma ko ɗigo bai kai ƙasa ba, madubin ya shanye. Sai ya yi ƙara, ya tsage daga sama har ƙasa, wani hayaƙi ya fito ya zama aljani, baƙi, ramamme, leɓɓansa duk sun fashe.

Ya ce, "Ya ke 'yar sarki, ni ne Zarruƙu, daga ƙasar rairayi. Shekara ɗari uku ke nan da wani matsafin birnin nan ya kamo ni ya kulle a madubi, ya ɗaure ni da rantsuwar kada in nuna fuska sai irin tasa, kuma ba zan kuɓuta ba sai ranar da wani ya ɗauke ni baƙo ya ba ni ruwa, don ya san ba al'adarsu ba ce. Na gan ki tun ranar farko. Dukanku na gan ku. Faɗi buƙatarki, amma ki sani ƙarfina na tafiya ɗaya ne."

Ta ce, "Ka kai ni marmaro, sannan ka kai mu gida, ni da duk wanda ke so."

Korau ya ruga ya ɗauko dogon zanen nan, aljani ya kama bakin zanen, masu son tafiya suka riƙe. Da yawa suka ƙi, suka ce sun daɗe a layi, wataƙila gobe ne nasu. Aljani ya tashi da su sama. Birnin da ta yi wata guda tana roƙon shiga, daga iska kawai ta gan shi. Ya sauke ta a bakin marmaro, ta cika gorarta da hannunta ana jifanta da duwatsu, suka sake tashi. Da ta waiwaya, sai ta hango maƙeran garin sun riga sun ɗauko wani sabon madubi suna nufar ƙofa, mutanen Zauren Jira kuma sun koma sun jeru.

Kafin la'asar suka sauka a Tsamiya Bakwai. Sarki yana kwance, dutse ya kai haƙarƙarinsa, numfashi sama-sama. Ta zuba masa ruwan, dutsen ya yi ta narkewa yana sauka, amma ruwan ya ƙare kafin ya gama, ƙafarsa ta hagu ta zauna dutse har ƙarshen ransa. Ya dasa kuka bakwai a madadin wadda ya sare, aljanu suka yafe. Da ya ga tabon hannunta ya ji labari, sai ya ce, "Uwata, ni na ce miki za su shimfiɗa miki tabarma. Roƙi abin da kike so."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, akwai wanda ya ba ni ruwa a inda ba mai bayarwa."

Bayan wasu watanni aka ɗaura aurenta da Korau, aka yi kwana bakwai ana biki. A rana ta bakwai ayarin fararen fatake ya iso ƙofar gari, kuma a cikinsu har da Sarkin Ƙofa, wanda aka tuɓe saboda fashewar madubi, ya koma fatauci. Sarki ya buga sandarsa ya ce a tsare su a rana, a ce musu su dawo gobe. Gimbiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na san goben nan. Ba na so a dasa ta a garinmu."

Ta fita da lulluɓinta na amarci, ta ɗebi ruwan sanyi a sabon ƙoƙo, ta miƙa wa dattijon da hannu biyu. Bai gane ta ba. Ya karɓa, ya dubi yatsunta, ya kama hannun rigarsa, rigar nan da Korau ya saƙa, ya goge bakin ƙoƙon inda ta taɓa, sannan ya sha.

Ta tsaya kawai tana kallo. Korau ya matso ya karɓi ƙoƙon, ya juya shi zuwa gefen da yatsunta suka riƙe, wanda ba a goge ba, ya kafa baki ya shanye sauran. Ya ce a hankali, "Mu koma ciki, amarya, rana ta yi zafi."

Aka sauki fatake a gidan baƙi kamar yadda aka saba. Bayan Sarki Mazawaje, Tasalla da Korau suka riƙe ƙasar cikin adalci shekaru masu yawa, kuma har ta bar duniya ba ta yarda an rataya madubi a bakin wata ƙofa ta Tsamiya Bakwai ba. A nan labarin ya tsaya, Allah ya sa duk matafiyi ya tarar da mai ce masa sha tukuna.