Yarjejeniyar Tasalla da Hayaƙi

Dalilin da ya sa hayaƙi ke kwanciya a kan gari da safiyar sanyi, amma da damina ku neme shi ku rasa, ku gyara zama ku ji shi.

A da can hayaƙi ba ya zama. Da an hura wuta sai ya miƙe sama sambal, ko tari bai taɓa sa kowa ba. A wannan zamanin aka yi wata mata mai suna Tasalla a wani ƙauye da ke gindin dutse. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya. Hannunta na da albarkar noma, amma shekara biyu a jere, in ta ware zangarniyar gero ta iri ta rataye a ɗakin girki, kafin ruwa ya sauka ƙwari sun mayar da ita gari. Ta je roƙon iri wajen maƙwabta, ta tarar abin da ya ci nata ya ci nasu.

A shekara ta biyun ta lura da abu guda. Zangarniyar da ke saitin murhu, wadda hayaƙi ke goga in zai wuce, ita kaɗai ta tsira. Ta riƙe wannan a ranta.

Da kaka ta zagayo, wata safiya ta hura wuta, ta jefa ɗanyen kara, ta kifa kwatarniya a kai. Can sai ta ji murya daga ciki, Hayaƙi ne ke roƙon ta sake shi. Ta gaya masa halin da garin ke ciki, ta ce ya zauna ya tsare musu iri. Ya ce ba zai iya ba, gajimare na jiransa a sama, don da shi yake haɗa hadari. In ya ƙi zuwa, me za su shuka irin a kai?

Tasalla ta ce, “Yanzu ai ba lokacin ruwa ba ne. Ka zauna da mu sanyin nan. Da bazara in an ƙona sassabe, ka hau abinka.”

“Ni baƙo ne mai nauyi, Inna,” in ji Hayaƙi. “Zan kwaso na maƙera da na masu gasa tukwane da na kowane murhu. Zan baƙanta miki jinka, in sa ki hawaye. Ki riƙa buɗe ƙofa, kuma kada ki kwantar da jariri kusa da ni.”

Ta ce ta ji ta yarda, muddin ruwan farko zai wanke musu iska. Ya ce wannan ya ɗaukar mata alkawari. Sai ta ɗage kwatarniyar.

Ya fito a hankali, ya zagaye zangarniyoyin, ya sulale waje ya shimfiɗu bisa rufin gidaje. Mutane suka yi ta tari suna mita. Amma da aka yi ruwan shuka, kowane gida ya sauko da irinsa baƙi ƙirin da kunkunniya, ko ƙwaro ɗaya babu. Tasalla ta shuka gonarta kaf, har ta ba wasu.

Shi ya sa har yau da sanyi hayaƙi ke kwana a ƙasa yana ƙamshin itace da kara, da bazara ya tashi da ƙaurin sassabe, da damina kuwa iska ta zama garau. In ya sa ku hawaye, ku matsa waje, amma kada ku zage shi. Tuwon baɗi yake gadi.