Motar Auta Ba Ta Da Jam'iyya

Akwai wani direban bas da kowa a unguwa ke kira Auta, don shi ne ƙarami a ɗakinsu. Motar tasa tsohuwa ce, ƙofarta ma sai an ɗaga take rufuwa.

Da aka fara rajistar masu zaɓe, ya lura wurin ya yi wa tsofaffi nisa. Kullum da safe kafin ya wuce tasha, sai ya bi lungu-lungu ya kwashi tsofaffi da masu juna biyu ya kai su kyauta. Wanda na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, washegari ya sake mayar da shi. Da katuna suka fito, shi ya kai su suka karɓo.

Ana cikin haka yayansa ya fito takarar kansila.

Ana jibi zaɓe, yayan ya same shi a ƙofar gida yana wanke mota.

"Auta, ranar zaɓe namu kaɗai za ka ɗauka. Ka san su, na san su."

"To Baba tela fa, Yaya? Ƙafarsa ko bakin titi ba ta kai shi."

"Tsohon da ya manna hoton abokin hamayyata a shagonsa? Bar shi ya yi ta ɗinkinsa."

Auta ya matse tsumma ya ce, "Ƙuri'ata taka ce, Yaya, ko daga barci aka tashe ni. Amma da na kai mutanen nan rajista ban tambayi kowa wa zai zaɓa ba. Ba zan fara yanzu ba."

Yayan ya kaɗa riga ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ku biyun ni na haifa. Kai nemi kujerarka, shi ka bar shi da motarsa."

Ranar zaɓe Auta ya wuni yana jigila, ko ruwan kirki bai sha ba. Baba tela kuwa goya shi ya yi daga mota har rumfar zaɓe.

Tsohon ya ce, "Ɗan nan, ka dai san ba yayanka zan dangwala wa ba ko?"

"Na sani, Baba. Riƙe ni da kyau, kada mu faɗi a yi asarar ƙuri'a biyu."

Washegari sakamako ya fito. Yayan ya faɗi, da 'yar ƙaramar rata. Dangi suka cika tsakar gida, kowa na cewa Auta ne ya kayar da ɗan'uwansa. Auta ya gaida yayan, yayan ya kau da kai. Sai Auta ya fita ya zauna cikin mota, zuciyarsa duk a jagule.

Da la'asar matasan ɓangaren da ya ci suka taso da ganguna da ihu, suka nufo gidan su Auta. Wasu har da duwatsu a hannu. Yara suka fashe da kuka, aka danna wa ƙofa sakata.

Labari ya riga su isa shagon Baba tela. Ya sa aka ɗauko shi da kujerarsa aka dire a bakin ƙofar gidan. Tsofaffin matan da Auta ya yi ta jigila suka fito da tabarmi, suka jeru gefensa.

Da matasan suka iso, tsohon ya ɗaga sandarsa.

"Mai jifan gidan nan ya fara da ni. Ƙuri'ar da kuke wa rawa, ɗan gidan nan ne ya goya ta a bayansa har akwati."

Wani ya hango kakarsa a kan tabarma, wani ya hango gwaggonsa. Ganga ta yi shiru. Duwatsu suka fara zubewa ƙasa, aka juya sumui-sumui.

Yayan ya zare sakata ya fito. Ya durƙusa ya gaida tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya je ya kamo hannun Auta, ya kawo shi gabansu. Ya ce, "Wannan ƙanena ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Darasi: Idan za ka taimaki mutum ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a, kada ka tambayi wa zai zaɓa. Kujera ta 'yan shekaru ce, maƙwabci kuwa yana nan. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu mota da ke da tsofaffi a layinsu.