Saƙon Malama Uwani da Ba Shi da Lanƙwasa

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Funtuwa akwai wata Malama Uwani, tsohuwar malamar kimiyya da ta ajiye alli ta kama rubuta labaran zamanin da bai zo ba. Littafinta na ayarin Hausawa ne da suka hau jirgi suka nufi tauraruwar Zara, har da awakinsu da irin gero. Ta tara masu karatu wajen ɗari uku a zauren waya. Duk Juma'a takan sanar da su inda aka kwana da ranar fitowar sabon babi, sannan ta jefo musu maganar wani daga cikin jirgin don ta ja musu rai. Sai dai Malama akwai faɗa a kan rubutu. Ka rubuta ƙ ko ɗ babu lanƙwasa, wallahi sai ta tsare ka a gaban kowa kamar ɗan aji ɗaya.

Wata Juma'a da hantsi tana gida ita kaɗai, ciwon asma ya shaƙe ta. Ta girgiza abin shaƙarta, babu komai a ciki. Murya ta ƙi fita, maƙwabta duk suna gona. Wayar na hannunta, zauren a buɗe, sai ta lalubi haruffa ta rubuta: "Jama'a ku taimaka, numfashina ya kare."

Tana kwance a ƙasa tana ganin amsoshi suna shigowa. "Kai Malama, kin iya ja wa mutum rai!" "Iskar jirgin ce ta ƙare?" Har da masu tafi. Tsoro ya kama ta sosai, ga mutum ɗari uku suna kallonta za ta mutu suna yaba mata.

Mutum uku ne suka cece ta. Na farko shi ne Ɗanlami, wani tela a Damagaram, wanda ya fi kowa shan faɗan lanƙwasa. Ya dubi saƙon ya ce a'a, Malama Uwani ba za ta taɓa rubuta kare mai haushi a wurin ƙare ba, sai dai in hannunta ba ya jin maganarta. Ya faɗa a zaure, aka yi masa dariya. Bai taɓa zuwa Funtuwa ba, bai san ko unguwarta ba. Ya ture keken ɗinki ya kama kiran mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya, har ya dace a na goma sha bakwai.

Na biyu shi ne wanda ya ɗaga wayar, Barau direba, mai ɗauko mata littattafai daga maɗaba'a a Zariya. Shi kam yana cikin masu tafin. Amma kaf zauren shi kaɗai ya san ƙofar gidanta. Motarsa ta cika a tashar Funtuwa, ya sauke fasinjojin suna zaginsa, ya ɓalle ƙyauren gidan da kafaɗa, ya sa ta a mota ya yi asibitin unguwa da ita.

Ta uku ita ce Asabe, ma'aikaciyar jinya. Ita ba ta ma ga saƙon ba, don ta fita daga zauren cikin fushi tun ranar da Malama ta kashe makiyayin jirgin da take so a cikin littafin. Likita ba ya nan, wuta ba ta nan. Asabe ta dubi leɓen matar da ya canja launi, ta gane ciwon nan take, ta yi mata allura, ta riƙe ta a zaune har numfashi ya dawo. Da Malama ta buɗe ido, abin da ta fara ji shi ne, "Sannu Malama. Amma makiyayin nan, ban yafe ba."

Bayan sati biyu Malama ta zauna rubuta babin ƙarshe. Ayari ya sauka a Zara, kuma an yi haihuwar farko a can. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, wannan jaririn na takarda shi ne kaɗai wanda za ta taɓa raɗa wa suna. Ta yi niyyar ta yi takwara ga wanda ya ceci ranta. Ta so ta mai da su 'yan uku, amma tun babin baya ta riga ta sanar cewa jariri ɗaya ne a cikin uwar, masu karatunta kuwa ba sa mantuwa.

Ba don Ɗanlami ba, da ba wanda ya gane. Ba don Barau ba, da ba wanda ya isa gidan. Ba don Asabe ba, da gawa aka kai asibiti. Yau Juma'a uku ke nan zauren yana jiran sanarwa, Malama ta bar gurbin sunan a buɗe.

To jama'a, sunan wa ya kamata jaririn nan ya ci?