Tsohon da Ya Ƙi Shan Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, tun muna yara ake ba da labarinsa, sunansa Malam Ilu. Malamin asibiti ne, a ɗakin maza yake aiki. Ku na baya, ku bar surutun nan, don da ku nake.

Wata rana aka kawo wani tsoho, Baba Nomau, ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙugu, ko juyawa ba ya iyawa. Matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi ci-rani kudu. Wa ya rage ya yi jinya? Sai Dije, matar ɗan nasa.

Kwana ɗaya, kwana biyu, tsoho ya ƙi shan ruwa. A ba shi kunu, ya kau da kai. A ba shi fura, ya rufe baki. Likita ya sa masa ƙarin ruwa, ya fizge allurar. Likita ya ce wallahi idan aka ƙara kwana biyu a haka, ƙodarsa za ta tsaya, ba karayar ce za ta kashe shi ba.

To, ku saurara ku ji aikin 'yan dubiya, irinku. Sun cika ɗaki maƙil, kowa da kwanonsa. Wannan ya ce sammu ne. Wancan ya ce taurin kai ne, tun yana saurayi haka yake. Wata ta ce a kawo rubutu. Rubutun da me za a sha shi, baiwar Allah? Mutum ashirin a kansa, ba wanda ya dubi fuskarsa. Abin yana ba ni haushi har yau.

Malam Ilu shi ne ya duba. Ya ga leɓen tsoho ya tsage, ya ga duk wanda ya ɗaga moɗa, idon tsoho na bin ta har a ajiye. Ya ce a ransa, wannan ai ƙishirwa ce ke cin sa.

Ya ce, “Jama'a, don Allah ku ɗan ba mu wuri.”

Ƙanen tsohon ya taso masa. “Kai wane ne da za ka kore mu daga kan ɗan'uwanmu? Don ka sa farar riga?”

Ya zage shi tas a gaban mutane. Malam Ilu bai rama ba, haƙuri kawai yake bayarwa har suka fita, har da Dije. Ya ja labule, ya durƙusa daidai kunnen tsoho.

“Baba, ni da kai ne yanzu. Me ya hana ka sha?”

Sai hawaye suka zubo wa tsoho. Can ya ce, “Ɗana, idan na sha, ai sai ya fita. Wa zai tara mini tasar fitsari? Matar ɗana? Gara in mutu da mutuncina.”

Kun ji? Kunya ce! Kunyar suruka ce za ta kai dattijo kabari, dangi na gefe suna neman wanda ya yi masa sammu.

Malam Ilu ya ce, “Baba, sha. Wannan aikina ne daga yau.”

Tsoho ya kama moɗa da hannu biyu, sai da ya ga ƙasanta.

Daga ranar, bini-bini sai ga Malam Ilu ya leƙo. Bai taɓa cewa Dije ta fita ba, don kada ita ma ta ji kunya. Sai dai ya ce, “Dije, taimaka ki samo mana ruwan zafi.” Kafin ta dawo ya tara tasa, ya wanke tsoho, ya gyara masa zane, ya yaye labule. Abokan aikinsa suka sa masa suna malamin fo. Suna dariya, yana wucewa da tasarsa. Wata biyu yana wannan, har Baba Nomau ya taka da sanda ya koma gida. Dije kuwa har aka sallame su ba ta san dalilin ruwan zafin nan ba, kuma Malam Ilu bai gaya wa kowa ba. Tsohon ne ya faɗa da bakinsa bayan shekaru.

To jama'a, kula da maras lafiya ba allura da ƙwaya ba ne kawai. Kula ita ce ka gane abin da ya kasa faɗa, ka yi masa, kuma ka rufa masa asiri. Ku 'ya'yanmu da ke aikin asibiti, kada ku rubuta “ya ƙi ci” ku wuce. Ku tambayi dalili. Ku kuma masu zuwa dubiya ku zauna kan gadon mutum kuna hirar kasuwa awa uku, na gaji da ku! Yau akwai mai kwance a gidan wani a cikinku. In kun koma, ku sallami taron, ku rage murya, ku tambaye shi abin da yake jin nauyin roƙo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.